Sifikar gida ko monita ta situdiyo?

Mai gyaran sauti a laftop, waƙa ce ko muryar fim irin ta situdiyoyin Zoo Road a Kano, yakan tsaya tsakanin sifikar gida mai wufa (akwatin da ke buga bas, wato sauti mai kauri), wadda ta cika shagunan Sabon Gari, da monita, wato sifikar situdiyo mai fitar da sauti yadda yake, irin Yamaha HS5 ko PreSonus Eris E3.5.

Ta gida tana da araha, jonawa kawai za ka yi. Illarta, tana ƙara wa sauti gishiri. Bas ɗin da take bugawa nata ne, sai ka rage shi a aikinka, a saurara a waya a ji murya ta bushe.

Monita ba ta yi wa kowa kara. Ƙarar janareta da ta shiga rikodin, numfashin mawaƙi, duk za ta tona su. HS5 faɗin wufarta inci 5 ne, ta dama da ta hagu kowace da amfilifayarta, kuma ta fi son akwatin sauti na USB da kebul ɗin XLR ko TRS, masu rage gunjin lantarki. Kuɗi ne a kan kuɗi. A ƙaramin ɗaki, Eris mai inci 3.5 nake ba masu farawa shawara, a ɗan janye ta daga bango don kada bas ya kumbura.