Dyna S a kan Honda CB750: ta raba ka da kontak, amma batir ne zai biya

Duk mai gyaran tsohuwar Honda CB750 a gida, irin wadda aka ƙera daga 1969 zuwa 1978, ba ya daɗewa kafin ya gaji da kontak, wato makunnin da ke buɗewa ya rufe don yanke wutar kwail filogi ya yi tartsatsi. Guda biyu ne a ƙarƙashin murfin da ke gefen dama na injin, ɗaya na silinda 1 da 4, ɗaya na 2 da 3. Bakinsu yana ƙonewa, dunduniyarsu tana cinyewa, tazarar da ya kamata ta tsaya tsakanin milimita 0.3 da 0.4 tana rufewa a hankali, taimin, wato lokacin da filogi ke yin tartsatsi, kuma ya bi ta ya goce. Dyna S, na'urar lantarki mai maye kontak wadda kamfanin Dynatek na Amurka yake yi, ta zo ne don kawar da wannan wahala. Samfurin da ya dace da CB750 shi ne DS1-2, kuma yana hawa CB500 da CB550 masu silinda huɗu.

Abin da ke cikin kwalin ba shi da yawa: faranti mai ɗauke da na'urorin ji guda biyu, rota mai maganaɗisu a ciki, da wayoyi uku. Babu wani akwati da za a nema wa wurin ɓoyewa, komai yana shiga inda kontak da kondensa suke zaune. Ga mai son ya mayar da babur ɗinsa kafe resa (salon babur da aka rage wa kaya kamar na tsere), wanda ya cire murafun gefe ya bar tsakiyar firam fayau, wannan kaɗai ya isa dalilin saye. Maganaɗisun ya wuce ta gaban na'urar, wutar kwail ta yanke, filogi ya yi tartsatsi. Babu abin da ke gogar wani, don haka taimin yana zama inda aka ajiye shi.

Sai dai a fahimci abu guda tun kafin a kwance noti. Dyna S kontak kawai ta maye. Na'urar gabatar da wuta, wato nauyaya biyu da sifirin (naɗaɗɗiyar waya mai ja) biyu da ke bayan farantin, masu sa tartsatsi ya zo da wuri idan juyin injin ya ƙaru, tana nan yadda Honda ta sa ta shekaru kusan hamsin da suka wuce. Rotar Dyna a kanta take hawa. Idan sifirin ya saki, wuta za ta riƙa gabata tun injin yana silo, sai ka ji an saki totur amma ƙara ta ƙi sauka. Idan kuma tsatsa da busasshen giris sun riƙe nauyayan, babur zai yi nauyi a tafiya, salansa ta yi zafi fiye da kima. Mutane da yawa suna ɗora laifin a kan sabon kayan, alhali ciwon a bayansa yake. A ciro na'urar, a wanke, a sa ɗan giris a sandarta, a tabbatar nauyayan suna buɗewa su koma da kansu.

Aikin ɗaurawa ba ya buƙatar kayan aiki na musamman. A fara da cire filogi huɗun duka, domin sandar da ke riƙe na'urar gabatar da wuta siririya ce, milimita 6, kuma juya injin da sifana 23 alhali akwai matsi a silinda yana lanƙwasa ta. Sanda ta lanƙwashe, rota za ta riƙa layi, taimin ɗin 1 da 4 ya ƙi daidaita har abada. A kwance noti mai lamba 10, a cire tsohon faranti, a buɗa nauyayan da yatsa a zare ƙwaryar da ke buɗe kontak, a zura rota a gurbinta. Bayan an ɗaure notin, a murɗa rotar da hannu. Dole ta juya kaɗan ta dawo da kanta. In ta cije, notin ya danne ta ne, kuma wuta ba za ta gabata ba ko kaɗan.

Wayoyi suna bin launin Honda: shuɗiya zuwa kwail na 1 da 4, ruwan ɗorawa zuwa na 2 da 3. Ja ita ce mai kawo bolt 12, ana haɗa ta da wayar da ke samun wuta idan an murɗa makulli, galibi baƙar wayar da ke zuwa makunnin fitilar birkin baya. Irin maƙalin nan da ake matsewa ya huda rigar waya ba abin dogaro ba ne a kan babur, jijjiga da ruwa suna kashe shi. A yi amfani da soket na gaske ko a yi dalma a rufe da robar da zafi ke tsukewa. Idan an gama injin ya ƙi tashi sai harbi ta salansa, an sa rota a juye ne da rabin zagaye. A zare ta a juya.

Wurin saita taimin ana iya farawa da ƙaramin kwan fitila tsakanin shuɗiyar waya da jikin injin. A riƙe rota a murɗe har ƙarshe, a juya injin sannu, fitila ta kama daidai lokacin da alamun cikakkiyar gabata, layuka biyun da ke gaban F (alamar taimin silo da ke kan na'urar gabatar da wuta), suka zo kan alamar nuni. Ana gyara 1 da 4 ta hanyar juya farantin gaba ɗaya, 2 da 3 kuma ta matsar da na'urarsu ita kaɗai. Wannan na tayar da injin ne kawai. Hukunci na ƙarshe sai da fitilar taimin mai walƙiya, injin yana juyi sama da 2,500 a minti. Idan cikakkiyar gabata ta yi daidai amma F ta ɗan goce a silo, a bar shi haka; a saman juyi babur yake rayuwarsa, kuma a can ne wuce gona da iri ke huda fistan.

Yanzu ga inda kayan ke da tsada ba ta kuɗi ba. Kontak yana barin wuta ta bi kwail kusan rabin kowane zagaye. Dyna S tana barin ta kusan dukan zagayen, sai ɗan lokacin tartsatsi take yankewa. Kwail na asali wajen om 5 ne, yana jan kusan amfiya 2.4 a bolt 12. Koren kwail na Dyna mai om 3, wanda masu saye ke haɗawa da ita don neman tartsatsi mai ƙarfi, yana jan amfiya 4, kuma guda biyu ne. Janaretan CB750 wat 210 yake bayarwa a ƙoli, na CB550 wat 150, kuma a silo kusan ba sa caji. Ka ƙara babbar fitila mai wat 55, ka ƙara ɗan ƙaramin batir da aka ɓoye a ƙarƙashin kujera don kwalliya, ka shiga cunkoso: batir zai riƙa zubewa kamar tulu mai tsaga. Da wuta ta yi ƙasa, tartsatsin da aka kashe kuɗi dominsa shi ne farkon raunana. Ga injin da ba a taɓa cikinsa ba, kwail mai om 5 ya wadatar, a kan CB550 ma shi ne kawai hankali. Kafin saye a auna batir injin yana juyi 4,000. In bai kai wajen bolt 14 ba, a gyara caji tukuna.

Kuma kada a bar makulli a buɗe injin a kashe. Kwail biyun suna shan wuta a tsaye, mintuna kaɗan sun yi zafin da zai iya ƙona su. Wannan ya fi faruwa lokacin da ake gwada sabbin fitilu a gareji. A kashe makunnin kashe injin da ke kan hannun babur ko a zare wayar kwail.

Shin babur yana ƙara gudu? A'a, in dai da kontak da aka saita daidai ake gwadawa. Wanda ya ji bambanci sosai, kontak ɗinsa ne ya riga ya lalace. Abin da ake samu na gaske shi ne tashi cikin sauƙi, silo mai natsuwa, da kafireta huɗu da za a iya daidaitawa ba tare da taimin yana canzawa a ƙarƙashinsu ba. Ba kuma za ta rufe asirin hular filogi da ta mutu ba. Kowace hula a auna ta, in sabuwar hula ce irin wadda aka fi sawa wajen om 5,000 ake nema, a datse ɗan ƙarshen wayar a sake murɗa ta. Filogin CB750 NGK D8EA ne, tazara milimita 0.6 zuwa 0.7.

Ta cancanci saye ga wanda zai hau babur ɗin sosai kuma cajinsa lafiya lau. Wanda yake son komai na asali, ko mai ƙaramin batir da janareta mai rauni, ya zauna da kontak mai kyau. Bambancin mutuwarsu ma abin dubawa ne: kontak yana ba da alama, kuma ana iya goge bakinsa a gefen hanya. Na'urar lantarki idan zafi ya kashe ta, silinda biyu ne ke ɗaukewa lokaci guda, wani lokaci su dawo bayan injin ya huce, kuma babu abin gyarawa a ciki. Saboda haka kada a yanke wayoyin tsohon farantin. A yi masa alamar inda yake zaune kafin cirewa, a naɗe shi tare da ƙwaryarsa da kondensa biyun, a sa a jakar sifana idan tafiyar mai nisa ce.