Cin abinci a waje a Ingila: gastrofob, gidan kori ko shagon kifi?

Ɗan uwa, ko karatu ne ya kai ka Ingila, ko asibiti, ko kasuwanci, ba ka kwana biyu sai maganar ciki ta taso: ina zan ci hankalina kwance? Wurare iri uku za ka fi cin karo da su.

Na fara da gastrofob, domin nan ne Turawa abokan aiki suka fi gayyatar mutum. Mashaya ce da ta riƙi girki da muhimmanci. Ana danganta farkon harkar da The Eagle da ke unguwar Farringdon a Landan, wadda ta koma wannan salon a 1991, abin kuma ya bunƙasa har The Hand and Flowers ta garin Marlow ta samu taurari biyu na Michelin, lambar yabon da ake ba fitattun gidajen abinci. Abincinsu da daɗi, ba na musu: gasasshen naman ranar Lahadi da dankali, kifi, wani lokaci har da taliyar Italiya ko miyar Tailan. Sai dai gidan giya ne, kwalabe na nan a jere. In zuciyarka ba ta natsu da zama a wurin ba, ka ba da uzuri cikin ladabi. In kuwa dole ta kai ka, ka sani da wuya naman ya zama yankan Musulmi, kuma giya na ɓuya inda ba ka zato: a romon da ake zubawa kan nama, a burodin nama mai suna steak and ale, har a kwaɓin fulawar da ake tsoma kifi kafin a soya. Gammon da bacon naman alade ne, black pudding kuma da jini ake yin sa. Ka tsaya kan gasasshen kifi ko abincin ganye, ka tambaya ƙarara ko an sa giya a miyar. A yawancin mashayu kai za ka je kanta ka faɗi lambar teburinka ka biya, kuma da yawa sukan sauke tukunya wajen ƙarfe 9 na dare.

A ganina gidan kori, wato mai girki irin na Indiya da maƙwabtanta, ya fi dacewa da mu, ga baki da aljihu. Yawancinsu 'yan Bangaladash ne ke da su, musamman mutanen Silhet, sai 'yan Pakistan. A Landan akwai Brick Lane da Whitechapel, a Manchester akwai titin Wilmslow a unguwar Rusholme, a Birmingham kuma titin Ladypool, inda balti, wata miyar kori ta garin, ta yi suna. Wanda ya tashi da dafa-duka ba zai yi baƙunta da biriyani ba, yaji kuma sai yadda ka ce a sa maka. Amma kada rubutun halal a jikin gilashi ya ishe ka. Ka tambayi wa ya ba su shaida. Cikin hukumomin da ke ba da shaidar halal, HMC ba ta karɓar dabbar da aka sumar kafin yanka, HFA kuwa tana karɓa in dabbar na da rai lokacin da aka yanka ta. Wasu gidajen naman halal ne amma suna sayar da giya, wannan ma sai ka duba. Mai ƙawar tsire ya nufi gidajen Turkawa na Green Lanes ko na Larabawa a Edgware Road, duk a Landan.

Shagon soyayyen kifi da dankali shi ne na mai sauri. Tambaya biyu ce: da wane mai ake suya, domin a yankin Yorkshire da yawa na amfani da kitsen shanu, sannan ko a kasko ɗaya ake soya kifin da sosej ɗin alade.

Sai batun kuɗi, inda baƙo ya fi shan mamaki. A Landan gidaje da yawa na ƙara kashi 12.5 cikin ɗari na hidima a kan lissafi. In an rubuta cewa na ganin dama ne, kana iya cewa a cire, in kuma ka biya ba sai ka ƙara wani ihsani ba. Tun Oktoban 2024 doka ta ce kuɗin nan ma'aikata za a ba gaba ɗaya. Ruwan famfo kyauta ne a duk inda ke da lasisin sayar da giya, sai dai ka ce na famfo kake so, in ba haka ba na kwalba za a kawo maka da kuɗinsa. Abincin rana mai tsayayyen farashi kuma ya fi na dare sauƙi ƙwarai.

Kafin ka shiga ko'ina, dubi koriyar takardar tsafta a ƙofa, mai maki daga 0 zuwa 5. A Ingila ba dole ba ne a liƙa ta, a Wales dole ne. In ba ka gan ta ba, shafin hukumar kula da ingancin abinci, Food Standards Agency, zai nuna maka makin a wayarka. Ni ƙasa da 4 ba na zama, balle in kai iyali.