Gidan da jikoki suke riƙe da shi har yau

Jama'ar gida, wani abokin aikina ne ya ja ni garin Dedham, kusa da Boston, wai mu je kallon gida. Na sa rai fada zan gani, sai ga wani tsohon gidan katako baƙi, rufinsa duk ya lotsa, kuma sai an biya ake shiga! Gidan Fairbanks ke nan. Jonathan Fairbanks da matarsa Grace, da suka yo ƙaura daga Yorkshire ta Ingila, su suka gina shi wajen 1641, kuma an ce duk Arewacin Amurka babu gidan katakon da ya girme shi. Shekarar ma ba da ka aka faɗe ta ba, zoben cikin itacen ginshiƙansa aka ƙirga.

Ciki duhu, rufi ƙasa-ƙasa, dogo sai ya sunkuya. Ƙaton bututun hayaƙi a tsakiya, ɗakuna sun kewaye shi, don sanyin nan ba ya wasa. Iyali na ƙaruwa, ana jingina ɗaki a baya da gefe. Har tsofaffin takalma aka tarar an ɓoye a jikin ginin, wai maganin mayu. Ashe su ma sun yi zamanin binne laya.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, zuriya takwas suka zauna a ciki har 1904. Da ta ƙarshe, Rebecca, ta tashi, ƙungiyar dangi ta karɓi gidan. Har yau yana hannunsu, duk shekara a can suke taron zumunci.

Mu kuwa, tsoho ya rasu, kafin sadakar arba'in dillali ya iso. Gado haƙƙi ne, ban ce a danne wa kowa ba, amma me ya hana masu hali cikin magada su biya sauran? Zaure mai zanko, soro mai azara da bakan gizo, katafila ta kwashe, a dasa shaguna. Badalar Kano ma ƙasarta ake ɗiba ana buga bulo.

Ba komai nasu ke burge ni ba fa. Gidan da nake haya, maƙwabci ya yi tari ina ji, ga haya kamar ta cire rai. Sau nawa na yi kewar barci a soron ƙasa!

Yaya, idan maganar gidan Kaka ta sake tasowa, a kira ni kafin a kira dillali.