Lichess da gardamar doki da bishof: abin da manhajar ke iya nunawa

Duk inda masu wasan ces suka haɗu a Sakkwato, ko a ɗakunan kwanan ɗalibai na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko a majalisar unguwa bayan la'asar, da wuya a tashi ba a taɓa gardamar doki da bishof ba. Littattafan koyo suna ba kowannensu maki 3, amma ba mai wasan da ya yarda daidai suke. Lichess, manhajar wasan ces ta intanet wadda Bafaranshe Thibault Duplessis ya kafa a 2010, tana da kayan aikin da za su rage wannan gardama. Kyauta ce gaba ɗaya, ba talla, da gudummawar masu amfani da ita take tafiya, kuma ba ta ƙayyade yawan wasannin da za ka yi nazari a rana kamar yadda wasu manhajojin ke yi sai an biya. Sai dai yawancin mutane ɓangaren da ya fi rauni a wannan tambaya suke buɗewa, wato injin Stockfish, mai lissafa wanda ke da rinjaye a allo.

Injin lamba da jerin tafiya kawai yake bayarwa. Ka ba da bishof ka ci doki, ya rubuta +0.3, wato fari na da ɗan rinjaye, ba zai gaya maka dalili ba. A cushewar allo, inda sojoji suka sarƙe da juna, yakan nuna rinjaye a matsayin da ba ta inda za a kutsa. Ga shi kuma a kan wayarka yake lissafin, ba a wata kwamfuta mai nisa ba. A zafin Afrilu, lokacin da garin nan ke haura digiri 40, ƙaramar waya takan ɗau zafi nan da nan, batir ya zube. A kunna shi a duba tafiya ɗaya ko biyu, a kashe.

Inda manhajar ta yi fice shi ne editan allo haɗe da rumbun ƙarshen wasa na Syzygy. Editan yana ba ka damar share allo ka jera 'ya'ya yadda kake so, ka zaɓi wanda zai fara tafiya. Idan 'ya'yan ba su wuce 7 ba, har da sarakuna biyu, sai ka danna alamar littafi a allon nazari, rumbun ya jero kowace tafiya da sakamakonta: nasara, canjaras ko faɗuwa. Wannan ba hasashe ba ne, an riga an lissafe kowane matsayi har ƙarshe. Yana buƙatar intanet, amma data kaɗan yake ci.

Gwajin farko da ya kamata kowa ya jera (kowane gida a allo da harafi da lamba ake kiransa): farin sarki a g5, farin soja a h5, farin bishof a d3, baƙin sarki a h8. Fari ya fi da bishof da soja, amma rumbun zai ce canjaras. Dalili shi ne gidan h8, inda sojan zai zama sarauniya, baƙi ne, bishof ɗin kuma a fararen gidaje yake tafiya, ba zai taɓa korar sarki daga lungun ba. Matsar da bishof zuwa e3, nasara ta fito. Cire shi ka sa doki a d3, nan ma nasara ce, muddin ba a yi gaggawar tura sojan zuwa h7 ba. Babban aibin bishof ke nan: gidaje 32 cikin 64 kawai zai taka har wasa ya ƙare, doki kuwa ba gidan da ba ya zuwa.

Gwaji na biyu na dokin ne. Sa baƙin doki a h5, farin bishof a e5. Gidaje huɗu dokin ke da su, g7, f6, f4 da g3, kuma duka huɗun bishof na kallon su. Ya ɗaure shi tamau ba tare da taimakon kowa ba. Lissafin ma a fili yake: doki a tsakiyar allo yana kai hari gidaje 8, a lungu 2 kacal, bishof a tsakiya 13, a lungu 7. Daga a1 zuwa h8 doki sai ya yi tsalle 6, bishof tafiya ɗaya in hanya a buɗe take. Saboda haka idan sojoji sun rabu gefe biyu na allo, bishof yana tare na can yana rakiyar na nan, doki kuwa sai ya zaɓi gefe ɗaya. Akwai kuma abin da sababbin 'yan wasa ba su cika lura da shi ba: duk tsallen doki sai ya canza launin gida, don haka ba ya iya ɓata tafiya ya dawo matsayinsa da juyi a hannun abokin karawa. Bishof yana yin haka cikin sauƙi, kuma da wannan ake tilasta wa mutum yin tafiyar da ba ya so.

Manhajar tana karɓar rubutaccen wasa a liƙa mata a bi shi tafiya bayan tafiya, kuma wasanni uku sun isa. Na farko shi ne wasa na huɗu a karawar Fischer da Taimanov a Vancouver, 1971: sojoji a gefe biyu, na Taimanov na gefen sarki sun kafe a fararen gidaje, bishof ɗin Fischer ya yi ta zagaye har doki ya rasa motsi, sannan a tafiya ta 62 ya sadaukar da shi a g6 sarkinsa ya cinye sojojin ɗaya gefen. Wasa na tara a karawar Karpov da Kasparov a Mosko, 1984, akasin haka ne: sojan Kasparov na d5 ya zauna a launin bishof ɗinsa, dokin Karpov ya koma g2 a tafiya ta 47, ya buɗe wa sarkinsa hanya. Sai na 16 a karawarsu ta 1985, inda Kasparov ya dasa doki a d3 a tafiya ta 16, gidan da ba sojan da zai kore shi, ya shaƙe Karpov, mai farin 'ya'ya, gaba ɗaya. A bi su da injin a kashe, a yi ƙoƙarin cankar tafiya kafin a duba.

Binciken da Larry Kaufman ya wallafa a 1999 ya yi daidai da abin da allon ke nunawa. Ɗaya da ɗaya kusan daidai suke, amma bishof biyu tare sun fi da kimanin rabin soja, kuma darajar doki tana hawa idan sojoji sun yi yawa a allo, tana sauka idan sun ragu. Mu dai a ganinmu bishof ne gaba, da ɗan tazara. Amma wanda bai daɗe da fara wasa ba, ko mai buga wasan minti 3, doki ne ya fi cin sa, don harinsa na 'ya'ya biyu lokaci guda ba ya bin layin da ido ya saba. Sashen wasan ƙwaƙwalwa na manhajar yana da rukuni na musamman don irin wannan hari, da na ƙarshen wasan doki, da na bishof, kowanne daban. Wannan tsari ya yi kyau ƙwarai.

Sashen atisaye yana koyar da kashe sarki da doki da bishof, kuma a nan bayanin ya yi ƙaranci ga mai koyo shi kaɗai. Bishof biyu suna gamawa cikin tafiya 19 ko ƙasa, doki biyu ba sa iya tilasta kisa sam, doki da bishof kuwa har 33 a matsayi mafi wuya, alhali dokar tafiya 50, wadda ke mai da wasa canjaras in an yi tafiya 50 ba ci ba motsin soja, tana jiran mai kuskure. Abin riƙewa shi ne sai an kora sarkin zuwa lungun da ya yi launi ɗaya da bishof. Gara a jera matsayin a editan allo, a zaɓi ci gaba da kwamfuta a mataki na 8, mafi ƙarfi, a buɗe rumbun bayan an gama don ganin tafiyar da ta saki sarkin.