Gyaran Tsohon Zauren Ƙwallon Kwando Ko Gina Sabo?

Duk lokacin da rufin zauren wasa ya fara yoyo, tambayar da ake ta maimaitawa ita ce: a gyara ko a gina sabo? Senegal tana da misalin duka biyun. Marius Ndiaye tsohon zaure ne a cikin Dakar, yayin da aka buɗe Dakar Arena mai kujeru 15,000 a garin Diamniadio da ke wajen Dakar a 2018. A Dakar Arena ne 'yan matan Najeriya suka lashe kofin Afirka a 2019.

Ta fuskar kuɗi, gyara ya fi sauƙi, matuƙar ginshiƙai na da lafiya. Amma a fara da rufi da magudanar ruwa kafin a shimfiɗa katako, domin ɗigon damina ɗaya ya isa ya kumbura daɓen, ƙwallo ta daina tashi daidai. Sannan a auna: filin mita 28 ne da 15, da sararin mita 2 a kowane gefe, rufi kuma aƙalla mita 7 a sama. Tsohon ginin da bai kai haka ba, fenti ba zai cece shi ba.

Sabon gini yana jawo manyan gasa, sai dai cin wuta da na'urar sanyaya ɗaki ba ya tsayawa ko babu wasa. Idan kuma yana bayan gari, kuɗin mota kan hana matasa zuwa atisaye, abin da ya fi damuna ke nan.

Gyara ya dace da garin da ke son gasar cikin gida da horon yau da kullum. Sabo kuwa na ƙasar da ke neman baƙuncin gasar nahiya ne, kuma ta tanadi kuɗin kula da shi duk shekara.