Kayen koyon rubutu na ƴan CI, ga abin da na gani

Iyayen yara na nan Tawa, duk mai ɗa da zai shiga CI, wato ajin farko na lakwal, wannan rantire ya duba kayen (littafin rubutu) da zai saya mashi da kyau, kar a ɗauko na farkon da mai tebur ya miƙo. Ni na sayi kayen koyon rubutu mai layi biyu masu faɗi a kasuwa, wanda an riga an buga baƙaƙen da ɗigo-ɗigo yaro na bi bisa, kuma wallahi na ji daɗinshi ƙwarai.

Dalili, kayen Seyès da munka saba da shi layukanshi milimita 2 ne tsakani, a cikin ɗan wurin nan ake son yaro ya sa a da o, t da d su hau layi biyu, l da b da h su hau uku, to ɗan shekara shidda da bai ma iya riƙon kiriyon ba ina zai iya wannan? Sai ya matse hannu ya gaji ya tsani rubutun gaba ɗai. Wanga kuwa akwai fili, hannu na sakewa.

Abin da ya fi burge ni rubutun haɗe ne a ciki, irin wanda mushe, wato malamin lakwal, ke yi a tabulo. Wasu na cewa a fara da rarrabe irin na littafi don ya fi sauƙi, gaskiya ne ya fi sauƙi, amma lakwal ɗinmu haɗe suke so, in yaro ya saba da rarrabe a gida sai ya koma koyo daga farko. Rarraben ya gane shi da ido wajen karatu, ya isa.

Inda bai gamsar da ni ba, takardar ba ta da kauri, da an goge sau biyu ta huje, bik kuma na fitowa ta baya, a tsaya kan kiriyon. Sannan babu ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ko ɗaya, na faransanci ne zalla, wannan ya yi mani ciwo, yarinyata ta fara haɗa kalmomi amma ba ta iya rubuta ɗaki ko ƙofa ba sai da na zana mata su da hannuna a shafin ƙarshe.

In yaro na zuwa makarantar allo ku lura, can daga dama yake farawa, kayen ko bai da alamar inda za a fara, ku sa mashi jan ɗigo a hagu.