Kafin ka kashe kuɗi kan kayan bin sawun kuskure a modul ɗin kanel

Duk wanda modul ɗinsa (ɓangaren manhaja da ake lodawa cikin kanel, wato zuciyar tsarin aikin kwamfuta) ya taɓa sandarar da kwamfuta ya san printk, mai rubuta saƙonnin kanel, shi kaɗai ba ya kai mutum ga gaci. Amma kafin ka sa hannu a aljihu, ka fara tanadar alamomin gano kuskure, domin kyauta ne, kuma in babu su, GDB, manhajar bin sawun kuskure, adireshi zalla zai jero maka, ba sunan aiki, ba lambar layi. A Linux ka kunna CONFIG_DEBUG_INFO, ka adana vmlinux (fayil ɗin kanel) da fayil ɗin .ko (na modul) na ainihin ginin da ke gudana. Na wani gini daban, ko da siga ɗaya ce, zai riƙa nuna maka layin da ba shi da laifi. Ubuntu na ba da alamomin a fakitin dbgsym, Fedora kuma a debuginfo.

Ni dai QEMU, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta a cikin kwamfutarka, nake fara ba kowa shawara. Ba ka sayen komai. Ka tashe shi da -s -S, ya tsaya cak yana jiran GDB a tashar 1234. Ka ƙara nokaslr a layin tashin kanel, in ba haka ba adireshi za su sauya wuri, wuraren da ka sa ya tsaya su wuce ba tare da ya tsaya ba. Da ka loda modul, umarnin lx-symbols na cikin GDB zai nemo inda ya sauka ya ɗora alamominsa, ya hutar da kai leƙa /sys/module da hannu.

Matsalar QEMU ita ce idan direbanka na wata na'ura ce ta zahiri. A nan KGDB yake shigowa, mai haɗa GDB da kanel ɗin kwamfuta ta zahiri, wanda ke cikin kanel tun siga 2.6.26 a 2008. Yana son kwamfuta biyu da wayar siriyal. Ka kula sosai wajen saye: na'urar da ake bincika dole ta kasance da tashar siriyal ta gaske, domin kgdboc, direban da ke haɗa KGDB da siriyal, ba ya aiki ta adaftar USB a ɓangarenta. A kwamfutar da kake zaune gabanta kuwa adaftar ta wadatar. Mutane da yawa sai sun sayo suke gane wannan.

Na'urar JTAG, wadda ke bincikar masarrafa kai tsaye, ita ce mai cin kuɗi. TRACE32 na Lauterbach kayan kamfani ne, J-Link na SEGGER ya fi sauƙin kuɗi, akwai kuma masu araha da ke aiki da manhajar OpenOCD. Kada ka saya sai in allon lantarkin na'urarka na mutuwa tun kafin siriyal ta farka, kuma ka tabbata tana goyon bayan irin masarrafarka.

Idan sabar ce ke faɗuwa jefi-jefi cikin dare, kdump ya fi dacewa: ya ajiye vmcore, wato kwafin ƙwaƙwalwar sabar a lokacin faɗuwa, ka buɗe da manhajar crash da safe. Farashinsa ƙwaƙwalwar da za ka ware da crashkernel.

Masu Windows kuwa WinDbg, manhajarsu ta bin sawun kuskure, kyauta ne, alamomin tsarin na sabar Microsoft, kuma tun Windows 8 ana haɗawa ta wayar sadarwa da KDNET, muddin katin sadarwar na cikin waɗanda ake goyon baya. Fayil ɗin PDB, mai ɗauke da alamomin direbanka, kai za ka adana.